Tseren Neman Hanya: Wasan da Madugu Zai Gane

Akwai wani tsere wanda sauri kaɗai ba ya cin sa. Ana bai wa ɗan wasa taswira da busol, allurar nan mai nuna arewa, a sake shi cikin daji ya nemo tutoci masu fari da ruwan lemo, ɗaya bayan ɗaya. In ya tsallake ko guda, an fid da shi. Hanya kuwa shi zai zaɓa: ko ya hau dutse, ko ya kewaye.

Daga horon sojojin Suwidin wasan ya samo asali. An yi gasar farar hula ta farko kusa da Oslo a 1897, aka kafa ƙungiyar duniya a 1961. A ƙasashen nan ƙungiyoyin garuruwa suke riƙe da shi, har tsofaffi suna fita da jikokinsu.

Mu a Damagaram wannan ilimi ba baƙo ba ne. Madugan da ke ratso Tenere da gishirin Bilma da Fashi ba su riƙe takarda ba. Taurari da iska da kwanciyar rairayi suke karantawa. Yau kuwa saurayi ya dogara da salula, in batir ya mutu sai gabas ta ɓace masa. Dokar gasar ma ta hana salula ta nuna hanya.

Fili dai Allah ya ba mu: ga duwatsun da ke kewaye da Birni, ga garaken Mirya. Saura malamin lakkol guda ya zana taswira, ya tara ƴan makaranta ran Lahadi da sanyin safiya.