Agogon da ke sama, wanda ke riƙe da rezon ƙasa

A saman dogayen ƙarafan sadarwa, tsakanin manyan anten, sau da yawa akan hangi wani ɗan farin abu kamar ƙoƙon da aka kife, yana fuskantar sama. Ba ya aika magana, ba ya karɓar kiran kowa. Aikinsa guda ne: sauraren ƙarfe nawa daga taurarin ɗan Adam na GPS.

Dalilin haka yana cikin yadda rezo mai saurin intanet yake aiki. Da yawa daga cikin tashoshin 4G, da akasarin na 5G, kan zango ɗaya suke aikawa da karɓa, bi da bi: tasha ta yi magana, ta yi shiru, salula ta amsa. Ana wannan karɓa-karɓa sau ɗaruruwa cikin sakan guda. To, in tashar maƙwabta ta buɗe murya daidai sa'ad da wannan ta kasa kunne, ƙarfinta zai danne siririyar muryar salular da ke nesa, kamar mai ganga kusa da mai raɗa. Ke nan tilas ne duk tashoshin su yi magana tare, su yi shiru tare. Ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce kada agogon tasha ya kauce fiye da mikrosakan 1,5, wato kashi ɗaya da rabi cikin miliyan na sakan. A cikin mikrosakan guda, mita 300 kacal igiyar rediyo ke tafiya.

Agogon da ya kai wannan daidaito tsada gare shi, ba a iya sa wa kowace tasha nata. Shi ya sa aka koma ga na sama. Ma'aikatar tsaron Amurka ta harba tauraron GPS na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 masu yawo a nisan kilomita kusan 20.200, kowane ɗauke da agogon atom. Kyauta suke watsa lokacin, ga wanda duk ya kafa ƙoƙonsa.

Sai dai abin aro ba ya rufe katara. Ranar 26 ga Janairu 2016, yayin da sojan saman Amurka ke fitar da wani tsohon tauraro daga aiki, kuskuren mikrosakan 13 ya shiga saƙon da wasu taurarin ke aikowa. Ba mai agogon hannu da ya lura. Amma na'urorin kamfanonin sadarwa sun yi ta ƙarar gargaɗi awa da awanni, a Ingila kuma gidan rediyon BBC ya tabbatar da cewa shirye-shiryensa na zangon dijital sun tsinke a wasu yankuna. Turai ma ta ɗanɗana: a Yuli 2019 tsarinta na Galileo ya tsaya wajen mako guda, matsalar kuwa daga tashoshinsa na ƙasa ta taso.

Haɗari mafi kusa shi ne raunin saƙon kansa. Kafin ya iso ƙasa ya galabaita ƙwarai, har ƙaramar na'urar toshiya da ake liƙawa a mota tana iya shafe shi. A 2013 hukumar sadarwa ta Amurka ta sanar da niyyar cin wani direba tarar dala kusan 32.000, domin irin wannan na'ura tasa ta dagula wani tsarin saukar jirage a filin Newark.

Injiniyoyi ba su zauna ba. Tashoshin zamani suna sauraren GPS da Galileo, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin wanda ya kammala a 2020. Ana kuma ajiye agogon ko-ta-kwana: na kwartz yana riƙe daidaito 'yan awanni, na rubidiyom ya kai yini ko fiye. Wasu kamfanoni kan turo lokacin ta wayar fibar daga babban agogo a cibiya, bisa ƙa'idar IEEE 1588. Wannan ta fi tsaro, amma sai inda fibar ta kai. Tashar da ke can ƙauye, ƙoƙon nan da ɗan agogon cikinta kaɗai gare ta.