Rigar Silikon a Jikin Kyamarar Shiga Ruwa: Inda Take da Amfani da Inda Take Cutarwa

Ƙananan kyamarorin da aka ƙera domin shiga ruwa, irin jerin Tough da kamfanin Olympus na Japan ya ƙirƙiro da jerin WG na Ricoh da kuma Coolpix W300 ta Nikon, sun samu karɓuwa a wurin masu iyo da masunta da masu binciken halittun ruwa, saboda ana iya nutsa da su kai tsaye ba tare da an sanya su cikin wani akwati na musamman ba. Samfurin TG-6 da Olympus ya fitar a 2019, alal misali, an tsara shi ya jure zurfin mita 15 a cikin ruwa, da faɗuwa daga tsayin mita 2.1, da dannin nauyin kilo 100, da sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Duk da wannan juriya, kamfanonin da ma wasu masu ƙera kayayyaki suna sayar da wata riga mai taushi ta robar silikon wadda ake zura wa kyamarar, kuma da yawan masu saye suna ɗauka cewa rigar tana ƙara hana ruwa shiga. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskuren yana iya jawo asarar kyamara sukutum.

Abin da ke hana ruwa shiga cikin kyamara shi ne gaskit, wato siririn zoben roba da ke zagaye da bakin ƙofar batir da memori da kuma ƙofar da ake jona waya, wanda yake matsewa sosai idan aka kulle ƙofar. Aikin wannan zobe yana ƙara tsanani ne gwargwadon zurfi, domin kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin matsin iskar da ke doron ƙasa, ta yadda a zurfin mita 15 jimillar matsin ya ninka na sarari sau biyu da rabi. Rigar silikon kuwa a buɗe take a wurin lensi da fuskar kallo da makirfo, don haka ruwa yana shiga ƙarƙashinta nan take, kuma ko taku ɗaya ba ta ƙara wa zurfin da kyamarar za ta iya kaiwa.

Ita robar silikon ta bambanta da robar da aka saba da ita ta fuskar ginin ƙwayoyinta, domin ƙashin bayanta sarƙa ce ta sinadarin silikon, wanda ake samu daga yashi, haɗe da oksijin, alhali robar taya sarƙar kabon ce. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai na Ingila, Frederic Kipping, ya shafe shekaru yana bincike a kan ire-iren waɗannan haɗe-haɗe tun farkon ƙarni na 20, amma sai bayan da Eugene Rochow na kamfanin General Electric ya gano hanyar sarrafa su kai tsaye a 1940, aka kuma kafa kamfanin Dow Corning a Amurka a 1943, sannan kayan silikon suka fara wadata. Wannan gini na sarƙar silikon da oksijin shi ne dalilin da ya sa robar ba ta ƙandarewa a sanyi, ba ta narkewa a zafin da ya kai digiri 200, kuma rana ba ta saurin tsofar da ita.

Amfanin rigar na gaskiya yana wurin faɗuwa da gogewa. Idan kyamara ta faɗi a kan dutse, lalacewar da take samu ta dogara ne da saurin tsayawarta, kuma roba mai taushi tana lotsawa ta tsawaita lokacin karon, ta baza ƙarfinsa a kan fili mai faɗi maimakon ya taru a kusurwa ɗaya. Ta wannan hanya ce kaɗai rigar take taimakon gaskit, domin kusurwar da ta lanƙwashe ko ƙofar da ta karkace ba za ta ƙara matse zoben daidai ba. Haka nan tana hana kyamarar sulɓewa daga jiƙaƙƙen hannu, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar hoto a cikin kwalekwale.

Illar tana ɓoye ne a siririn filin da ke tsakanin rigar da jikin kyamarar. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin roba ba ya bushewa da wuri, sai dai ya riƙa ƙafewa sannu a hankali yana ƙara kauri, har gishirin ya daskare a gindin maɓallai da gefen ƙofofi. A irin wannan lungu da iska ba ta kaiwa, siririyar fatar da ke kare ƙarfe daga tsatsa ba ta samun oksijin da za ta sabunta kanta, sannan inda ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu, kamar ƙusar ƙarfe da alminiyam, ruwan gishiri yana zama mahaɗar lantarki da ke sa ɗayansu ya ci. Yashi ma yana shiga, kuma da yake ƙwayoyinsa sun fi gilashi tauri, duk motsin da rigar ta yi sai ta goga su a jikin kyamarar tamkar sanfefa. Mafi muni shi ne ƙwayar yashi guda, ko silin gashi, da ta zubo daga rigar ta hau kan gaskit lokacin da ake canza batir, domin ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Wannan bai tsaya ga bakin teku ba, tunda ruwan kogi mai laka da ƙurar hunturu suna barin irin wannan datti, kuma robar silikon tana da halin janyo ƙura ta riƙe.

Akwai kuma batun zafi, domin silikon ba ya fitar da ɗumi da sauri, don haka kyamarar da ke ɗaukar dogon bidiyo a rana tana iya yin zafi fiye da kima a cikin rigar. Rigar ba ta sa kyamara ta taso saman ruwa, saboda robar ta ɗan fi ruwa nauyi, kuma wanda ke gudun nutsewarta igiya mai tasowa yake buƙata.

Masu ƙera kyamarorin suna ba da shawarar a jiƙa su cikin ruwa mai tsabta na kimanin minti 10 bayan an fito daga teku, ƙofofi a kulle, a shanya su a inuwa, kuma Olympus ya ba da shawarar a sauya gaskit sau ɗaya a shekara. Wannan wanki ba ya cika idan rigar tana jiki, don haka wajibi ne a cire ta, a wanke ta daban, a bari duka biyun su bushe sarai kafin a mayar, tare da lura cewa silikon yana saurin yagewa da zarar farce ya fara tsaga shi. Mai aiki a kan duwatsu ko cikin jirgin ruwa, wanda zai iya jure wannan hidima a kowace fita, ya dace ya sayi rigar. Wanda ya san ba zai riƙa cire ta ba, gara ya bar kyamararsa yadda kamfani ya ƙera ta, ya ɗaura mata igiya a wuyan hannu.