Murhu Ma Yana Son Gyara

Duk wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Dambatta ya san ƙasarmu ba sauran daji. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Itacen da matanmu suke girki da shi daga gonaki yake fitowa: sassaben gawo, reshen ɗorawa da na darbejiya, sai kuma karan dawa da na gero. Binciken da malaman Jami'ar Bayero suka yi a kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya nuna manoman wannan yanki ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, tattalinsu suke yi. To, tattalin nan ba a gona kaɗai yake ba. Rabinsa a madafa yake.

Bayan farin 1973 da na 1984 aka dage da neman murhun da ba ya cin itace da yawa a ƙasashen Sahel. A Burkina Faso aka kewaye duwatsun nan uku da bangon ƙasa. A Nijar maƙera suka shiga ƙera na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. A Kenya kuwa tukunyar yumɓu gasasshiya ake sakawa a ciki, a lulluɓe ta da ƙasa. Dabarar duka ɗaya ce, wato a tare iska, a tilasta wa harshen wuta ya lashi tukunya maimakon ya watse. Gidaje da yawa cikin ƙungiyoyinmu sun gina irin na ƙasa. Amma mun lura bayan damina ɗaya ko biyu sai a watsar da shi a koma duwatsu uku, a ce ba ya aiki. Sau da yawa ba murhun ne ya mutu ba, cikinsa ne ya lalace.

Abin da ke lalacewa

Na farko su ne duwatsu ko ƙafafun da tukunya take zama a kai. Tuƙin tuwo ba wasa ba ne. Kullum muciya tana girgiza tukunya, ƙafafu suna sakwarkwacewa suna nutsewa. Tukunya ta sauka ƙasa, wuta ta rasa numfashi, sai hayaƙi.

Na biyu shi ne bangon ciki. Zafi yana cinye shi sannu sannu har ramin ya yi faɗi. Tsakanin tukunya da bango kamata ya yi a sami kaurin yatsa ɗaya. In ya kai uku ko huɗu, zafi yana sulalewa sama ke nan, itace yana ƙonewa a banza.

Na uku baki ne, inda ake tura itace. Dogon itace da ake cusawa da ƙarfi yakan fasa shi. Ga murhun ƙarfe kuma, ragar da itace yake kwanciya a kai ita ce takan fara ƙonewa.

Yadda za a gyara

Ƙasarmu ta arewacin Kano jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, ba ta kama jiki. Sai a ɗebo yumɓu daga kududdufi ko fadama, ko kuwa ƙasar suri. A dake ta, a tankaɗe, a gauraya da ƙaiƙayi da kashin jaki. A kwaɓa, a rufe, a bar ta ta kwana uku ko fiye, ana tattakawa kullum yadda magina suke yi. Kafin a yi aiki da ita a mulmula kaɗan a shanya a inuwa. In ta tsattsage, yumɓu ya yi yawa, a ƙara rairayi. In ta marmashe, a ƙara yumɓu.

A bar murhu ya huce sarai. A kwashe toka, a kankare duk inda ya ruɓe, a yayyafa ruwa domin sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa. A cike tsaga da yatsa har ciki, ba shafe a sama kawai ba. In dutse ya fashe a tone shi, a dasa wani mai tsayi daidai da sauran. Kada a ɗauko dutsen da ya daɗe cikin ruwa, gama yakan fashe in wuta ta kama shi. Sa'an nan a ɗora tukunyar da aka saba girki da ita tun ƙasa tana ɗanya, a jujjuya ta, a zaga da yatsa don a fitar da tazara. A rufe da tsohon buhu ya bushe a hankali kamar mako guda. Wutar farko ta zama ƙarama, ta kara.

Ga wata dabara mai sauƙi. Ran da aka gina murhu, a yanki kara daidai tsayin da ke tsakanin ƙasan murhu da gindin tukunya, a soke shi a jinka. Shi ne ma'auninku duk ran gyara.

Ragar ƙarfe in ta ƙone, a kai wa maƙeri ko mai walda ya yanka wata da rodi. Kada a sa guntun kwanon rufi a madadinta, domin hayaƙin da farin shafensa yake fitarwa a wuta yana cutarwa.

Rigakafi

Kada a kashe wuta da ruwa a cikin murhu. Yana fasa na ƙasa, yana kawo wa na ƙarfe tsatsa. A janye itacen a turbuɗe a rairayi. A kwashe toka kowace safiya a kai juji, ta koma gona. A yi wa murhu rumfa kafin ruwan fari. Wanda yake da bututun hayaƙi kuma a riƙa zura sanda ana kakkaɓe kunkunniya.

Wannan ba maganar itace kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a 2020, kuma mata da 'ya'yan da suke goye su ne suka fi shaƙarsa.

Saboda haka muna shawartar kowace ƙungiya ta ware rana ɗaya bayan an gama kaka. Maza su kawo ƙasa a amalanke su kwaɓa, mata su zaga gida gida su yi yaɓe, gama su suka san tukwanensu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu toshe tsagar tun tana ƙarama.