Ɗango takwas na godiya: yadda Schubert ya karanta waƙar abokinsa

A watan Maris na 1817, a birnin Viyana na ƙasar Otirish, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Franz Schubert ya ɗauki wata gajerar waƙa da abokinsa Franz von Schober ya rubuta da Jamusanci, ya ɗora mata kiɗa. Sunanta "An die Musik", wato saƙo zuwa ga kiɗa. Baiti biyu ce, kowane da ɗango huɗu, ba ta kai minti uku idan an rera ta. Duk da haka ta zama ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙin kiɗan Turai da ake kira kilasik.

Me waƙar ke cewa? Mai magana yana yi wa kiɗa magana kamar mutum ne a gabansa. A baitin farko yana tuna lokutan ƙunci da kiɗa ya ɗebe masa kewa. A na biyu kuma sai ya yi godiya. Shi ke nan. A wajenmu makaɗi yakan yi wa sarki ko attajiri kirari saboda alherin da ya samu. A nan ubangidan da ake gode wa shi ne sana'ar kanta.

Masana da dama ba su ɗauki Schober a matsayin babban marubuci ba, kuma a kan takarda waƙar ba ta da wani abin mamaki. To daga ina nauyinta ya fito? Daga halin da makaɗin yake ciki. Schubert ɗan malamin lakwal ne, shi ma ya koyar da yara a makarantar mahaifinsa ba da son ransa ba. A 1816 ya nemi aikin koyar da kiɗa a garin Laibach, aka ba wani. A ƙarshen shekarar ya koma zama gidan su Schober, ba albashi, sai alƙalami da takardar kiɗa. Mutumin da ya bar abin hannu don sana'a, idan ya ce ya gode mata, ba fatar baki ba ce.

Ana jin wannan fassara cikin kiɗan. Hannun dama na mai piyano yana maimaita sautuka a hankali, kamar bugun zuciya mai natsuwa. Hannun hagu kuma yana rera nasa karin a ƙasa, yana amsa wa mawaƙi, sai ka ce kiɗan da ake yi wa magana ne ke mayar da jawabi. Schubert ya ba baitocin biyu kari iri ɗaya, ƙunci da godiya suka hau hanya guda. Ya kuma maimaita ɗangon ƙarshe na kowane baiti, abin da marubucin bai yi ba.

Sai a 1827 aka buga waƙar. Shekara guda bayan haka Schubert ya rasu yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600.

Makaɗan da suka biyo baya sun mayar da ita waƙar ban kwana. A 1951 a New York, mawaƙiya Lotte Lehmann ta rufe wasanta na sallama da ita, kuka ya ci ƙarfinta kafin ƙarshe, mai piyano ya ƙarasa shi kaɗai. A 1967 a Landan, Gerald Moore, wanda ya shafe shekaru yana yi wa manyan mawaƙa rakiya da piyano, ya kaɗa ta ba murya a daren da ya yi ban kwana da dandali.

Mai son saurare zai same ta a intanet. Ya kasa kunne ga hannun hagu.