Mai Ciki da Cin Ƙwai

'Yar'uwa, har yau a wasu gidaje camfi na hana mai juna biyu cin ƙwai. Alhali gwaiduwarsa na ɗauke da sinadarin kolin, mai taimakawa wajen ginin ƙwaƙwalwa da lakar jariri tun yana ciki.

A 1998 masana a Amurka suka ƙayyade miligiram 450 kullum ga mai ciki, 550 ga mai shayarwa. Babban ƙwai ɗaya na ba da kusan 150, kin ga biyu sun wuce rabin buƙatarki. Sauran ki cike da kifi, nama, awara ko gyaɗa, domin yawancin ƙwayoyin da ake bayarwa wajen awo ba su da kolin sosai. Hanta kuwa a yi kaffa-kaffa da ita, bitamin A ya yi mata yawa.

Ki dafa ƙwan ya nuna sosai. Maigida, a riƙa sa shi cikin cefane.