SIMINTI DA GUBAR NUKILIYA: WA ZAI RIGA WANI GAJIYA?

A watan Satumba na 1987, wasu masu tsintar ƙarafa a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil suka ɗauko wata na'urar maganin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi. Da aka fasa ta, sai ga wani gari mai shuɗin haske, jama'a suka yi ta sha'awarsa suna shafawa a jiki. Ashe siziyam ne, ɗaya daga cikin ma'adinan da ke fitar da tururi mai kisa. Mutum 4 suka rasu, aka rushe gidaje, aka kwashe shara mai guba wajen mita 3,500 ta awon kewaye da zurfi, aka rufe ta cikin ɗakunan kankare a bayan gari.

To, me ya sa aka dogara ga siminti? Kaurin kankare yana tare tururin, wannan sananne ne. Amma babban aikin yana can ciki. Ko bayan siminti ya daskare, akwai ruwa a ƙananan kafofinsa, mai kaifi irin na ruwan toka. Idan yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, ya gamu da wannan ruwa, sai ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da ke cikin simintin, ya sandare, ruwa ya kasa tafiya da shi.

Siziyam kuwa ba ya jin wannan magani. Narkewa yake yi kamar gishiri, simintin kuma ba ya riƙe shi da kyau, saboda haka duk ruwan da ya ratsa yana iya jan sa zuwa rijiyoyi. Shi ya sa masana ke cuɗa simintin da wasu irin duwatsu masu tsotse shi.

Sauran magana ta lokaci ce. Ƙarfin siziyam yana raguwa da rabi duk shekara 30, don haka sharar Goyaniya tana bukatar tsaro na kimanin shekara 300. Shi ma siminti yana tsufa: iska tana rage masa kaifi, yana tsagewa, rodin cikinsa yana tsatsa. Wanda ya binne irin wannan shara ya bar wa jikokin jikokinsa gadi, kuma wajibi ne ya bar musu rubutaccen bayanin abin da ke ƙarƙashin ƙasarsu.