Ɗumama Gida da Ruwan Zafi a Ƙasar Ingila: Hanyar Gano Inda Matsala Take

Gabatarwa

Ɗalibai da ma'aikatan Gwamnati waɗanda ake turawa ƙaro ilmi ƙasar Ingila sukan tarar da wani abu a gidajen haya wanda ba su saba da shi ba, watau na'urar ɗumama gida. A can sanyin hunturu yakan kai har ruwa ya daskare, ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya kasa digiri 18. Saboda haka ranar da na'urar ta tsaya a watan Janairu, lafiyar yara da tsofaffi tana cikin haɗari.

A da, kwal Turawan Ingila suke hurawa, kowane ɗaki da murhunsa. Hayaƙin nan ne ya gamu da hazo ya lulluɓe birnin Landan a watan Disamba 1952, ya hallaka dubban mutane, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Daga 1967 zuwa 1977 aka mai da gidajen ƙasar kan gas ɗin da aka haƙo a Tekun Arewa. Yau galibin gidajen da gas ake ɗumama su, daga tukunya ɗaya.

Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, idan gida ya yi sanyi, sau da yawa tukunyar lafiyarta lau, a hanyar ruwa laifin yake.

Yadda Na'urar Take Aiki

Tukunya tana dafa ruwa, famfon lantarki yana tura shi cikin bututu zuwa lagireto da ke jikin bangon kowane ɗaki, sa'an nan ruwan ya komo a sake dafa shi. Aikin lagireton nan ɗaya ne da na mota, watau ya saki zafin ruwa cikin iska.

A gidaje masu yawa an kasa bututun shiyya shiyya: ɗaya ta nufi tankin ruwan wanka, ɗaya ɗakunan ƙasa, wata kuma ɗakunan bene. A bakin kowace shiyya akwai bawul mai ɗan inji a kansa, wanda ake kira bawul na shiyya. Na kamfanin Honeywell suna cikin waɗanda aka fi gani. Misalinsa kamar mai lambu ne da yake datse wannan fangali ya buɗe wa wancan ruwa.

Lalle ne a riƙe jerin aikin, domin shi ne mabuɗin bincike duka. Da farko agogon na'urar da ma'aunin ɗumin ɗaki su aika da wuta zuwa bawul. Ɗan injin ya juya, ya buɗe hanya. Sai hanyar ta gama buɗewa ne yake danna wani ƙaramin makunni da ke cikinsa, shi kuwa makunnin ya ta da tukunya da famfo. In ɗaki ya yi ɗumi wuta ta yanke, sifirin ya mai da bawul a rufe.

Alamun Lalacewar Bawul

Idan ruwan wanka yana zafi amma lagireto duk sun yi sanyi, ko kuwa bene da ɗumi ƙasa babu, to, tukunya ta fita zargi, tun da tana dafa ruwa. Sai a fara da abu mafi sauƙi, a duba agogo da ma'auni, har da batirinsa, kana a je ga bawul.

A gefen bawul akwai wani ɗan hannu na ƙarfe. Idan ana neman ɗumi kuma bawul ya buɗe, hannun zai yi sako-sako. In aka tura shi aka ji yana turjewa, ɗan injin bai yi aikinsa ba, wataƙila ya ƙone. Taɓa bututu zai tabbatar da haka: kafin bawul da zafi, bayansa da sanyi. Ana iya maƙale hannun a buɗe na ɗan lokaci, domin shiyyar ta riƙa samun ruwa duk sa'ad da tukunya ta tashi saboda wata shiyya, kafin mai gyara ya zo.

Idan kuwa hannun ya saki amma tukunya ta yi shiru, ƙaramin makunnin ne abin zargi. Shi ne kuma yakan manne a kunne, tukunya ta yi ta ci dare da rana, kuɗin gas ya yi ta hawa. Haka nan in lagireto suka ɗauki zafi da rani, alhali ruwan wanka kaɗai aka nema, bawul ne ba ya rufewa sosai. A bawul na zamani ana canza kan da ke ɗauke da injin ba tare da an zubar da ruwan na'urar ba.

Matsalolin Zagayawar Ruwa

Shi kansa lagireto yakan faɗi ciwonsa ga mai shafa shi. In samansa da sanyi ƙasansa da zafi, iska ce ta taru. Sai a kashe na'urar, a sa ɗan mabuɗin da aka yi dominsa a kwance kaɗan, iska ta fita da huci, da zarar ruwa ya ɓullo a ɗaure. Bayan haka a duba ma'aunin matsin ruwa a jikin tukunya, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 1 da 1.5 in ruwan ya huce.

In ƙasansa ne da sanyi, baƙar laka ce ta tsatsar ƙarfe ta kwanta. Maganinta a wanke bututun duka, a zuba maganin hana tsatsa, a kuma ɗaura matata mai maganaɗisu. In lagireto ɗaya tak ya ƙi ɗumi, sau da yawa ɗan tsinken da ke cikin bawul ɗinsa ne ya maƙale. In na kusa da tukunya sun yi zafi jau, na nesa kuwa da ƙyar, ruwa ne yake bin gajeriyar hanya; sai a rage wa na kusa domin na nesa su samu.

Sa'an nan akwai famfo. Idan tukunya ta tashi, ta yi ƙara, ta mutu cikin ɗan lokaci, lagireto kuma babu mai ɗumi, alama ce ruwan ba ya motsi. Famfo yakan cije in ya daɗe a zaune da rani. Shi ya sa ake gwada na'urar tun watan Satumba, domin ba a fafa gora ranar tafiya.

Iyakar Mai Haya

Dubawa, da taɓa bututu, da fitar da iska, duk mai haya yana iya yi. Amma wutar da ke kan bawul bolt 230 ce, ba a buɗe murfinsa sai mai sana'ar. Gyaran tukunya kuwa doka ta keɓe shi ga masu rajista da Gas Safe Register, wadda ta fara aiki a 2009. Dalili shi ne tukunyar da aka yi wa gyaran ganganci tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kisa cikin barci. Bugu da ƙari, dokar haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran na'urar ɗumama gida, ƙa'idojin 1998 kuma sun wajabta masa sa a duba kayan gas kowace shekara.

Kammalawa

A taƙaice, mai bincike ya bi jerin yadda yake: umurni, bawul, famfo, sa'an nan lagireto. Wanda ya ce wa mai gida, “Ruwan wanka yana zafi, ɗakunan ƙasa babu ɗumi, hannun bawul kuma yana turjewa,” ya rage wa mai gyara rabin aiki, ya kuma rage wa iyalinsa kwanakin da za su yi cikin ɗari.